Gwanin Filin Atisaye, Baƙo a Kujerar Manaja

  

Sharhinmu na yau a kan ƙwallon ƙafa yake, amma za mu bar masu zura ƙwallo a raga su huta. Za mu duba mutanen da ke tsaye a bakin fili. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: me ya sa mutum zai zama gwanin horar da 'yan wasa, kowa ya shaide shi, amma da zarar an damƙa masa ragamar ƙungiya gaba ɗaya sai abin ya gagare shi?

Amsata gajeriya ce, kuma za ku ji ina maimaita ta. Koyar da ƙwallo sana'a ce daban. Riƙon ƙungiya sana'a ce daban. Wanda ya iya ta farko, ba lallai ne ya iya ta biyu ba.

Bari mu fara da raba ayyukan biyu. A Ingila, manyan ƙungiyoyi sun daɗe da wannan tsari. Akwai mai horarwa. Shi ke fita fili da sassafe da usur a wuya. Shi ke tsara atisayen ranar. Shi ke nuna wa ɗan baya inda zai tsaya idan za a bugo kwana. Shi ke gyara wa ɗan gaba yadda zai tari ƙwallo. Sannan akwai manaja. Shi ke fitar da sunayen mutum goma sha ɗaya da za su fara wasa. Shi ke cewa a sayo wane, a sallami wane. Shi ke zama gaban 'yan jarida bayan an sha kashi. Idan kuma abubuwa suka lalace, shi ake kora.

To, yanzu ga labarin da ya fi fito da wannan magana fili. Labarin Brian Kidd ne.

Magoya bayan Manchester United da suka kwana biyu sun san sunan. Kidd shi ne mataimakin Alex Ferguson daga 1991 zuwa ƙarshen 1998. Kafin nan ma yana cikin waɗanda suka yi aiki da matasan ƙungiyar, a zamanin da su Giggs da Scholes da Beckham ke tasowa. 'Yan wasa na ƙaunarsa. Atisayensa na da daɗi, kuma yana da amfani. Tare da shi United ta ci gasar Firimiya sau da dama. A watan Disamba na 1998, Blackburn ta kira shi ya zama manajanta. Ku tuna, Blackburn ɗin nan ita ce ta ɗauki kofin Firimiya a 1995. Kuɗi ba matsalarta ba ne a lokacin. Kidd ya je, ya sayi 'yan wasa, ya yi iya ƙoƙarinsa. A watan Mayu na 1999 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Wasan da ya tabbatar da faɗuwar kuwa, canjaras ne da Manchester United, gidan da ya baro. Kafin shekarar ta ƙare an sallame shi.

A wannan shekarar ce Ferguson ya wallafa tarihin rayuwarsa. A ciki ya nuna shakku kan ko halin Kidd zai iya jure yanke hukunci mai ɗaci yau da gobe. Maganar ta ɓata wa Kidd rai, kuma mutane da yawa sun ga ba a kyauta masa ba. Ni ma ina ganin da an sassauta. Amma abin da ya biyo baya abin lura ne. Kidd ya koma aikin da ya iya. Ya yi mataimaki a Leeds, ya yi a tawagar Ingila, daga baya ya zauna a Manchester City sama da shekara goma. Mancini ya yi aiki da shi. Pellegrini ya zo ya riƙe shi. Guardiola ya zo shi ma ya riƙe shi. Manyan manajoji uku ba za su riƙe mutumin da bai san ƙwallo ba. Ilimin yana nan. Kujerar ce ba tasa ba.

Wannan ya kawo mu dalili na farko, wato yanke hukunci.

Mataimaki yana ba da shawara. Manaja yana yanke hukunci. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ta fi yadda muke zato. Idan mataimaki ya ce a ajiye wane a benci, aka ajiye shi, aka ci wasa, to ya ji daɗi a ransa. Idan aka sha kashi, ba wanda zai nemi sunansa. Zai koma gida ya yi barcinsa. Manaja kuwa shi zai kira ɗan wasan ofis, ya dubi idonsa, ya ce masa gobe ba ka ciki. Ɗan wasan nan yana da iyali da za su zo kallo. Yana da dillali da zai buga waya a daren. Yana da abokai a ɗakin canza kaya da za su ɓata rai tare da shi. Ƙungiya na da 'yan wasa fiye da ashirin, gurbi kuma goma sha ɗaya ne. Ke nan a kowane mako manaja sai ya ɓata wa rabin mutanensa rai, sannan ya dawo ranar Litinin ya nemi su yi masa aiki tsakani da Allah.

Ku dubi Ferguson kansa. A 1995 ya rabu da Paul Ince da Mark Hughes da Kanchelskis a lokaci guda, jama'a na ta surutu. Daga baya ya sayar da Jaap Stam. Ya sayar da Beckham. Ya rabu da kyaftin ɗinsa Roy Keane ana tsakiyar kakar wasa. Wasu daga cikin hukuncin nan ya yi daidai. Na Stam shi da bakinsa ya ce ya yi kuskure. Amma bai taɓa gudun yankewa ba. Abin mamaki kuma, Ferguson ba shi ke gudanar da yawancin atisaye ba. Ya sha faɗin cewa tun yana Aberdeen mataimakinsa Archie Knox ya ba shi shawarar ya ja da baya ya riƙa kallo. Da ya ja baya, sai ya fara ganin abin da mai usur ba ya gani. Wane ya zo jiki a sanyaye. Wane yana da damuwa a gida. Wane ya fara jin ya fi ƙarfin ƙungiya. Kun ji ko? Manajan da ya fi kowa cin kofin Firimiya, atisayen ma wasu ya bar wa.

Koyar da ƙwallo daban, riƙon ƙungiya daban.

Sai dalili na biyu, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin shi ya fi ban tausayi. Shi ne kusanci.

Abin da ke sa mataimaki ya yi tasiri shi ne 'yan wasa sun saki jiki da shi. Idan maigida ya yi faɗa, wurin mataimaki ake zuwa a huce. Shi ke dafa kafaɗa ya ce yi haƙuri, lokacinka na zuwa. Shi ake faɗa wa sirri. Shi ke kai koke sama, ya sauko da sassauci. Ranar da aka ɗaga shi ya zama manaja, wannan jari nasa ya ƙone. Ɗan wasan da jiya yake kuka a gabansa kan an hana shi wasa, yau shi ne zai hana shi. Idan ya ci gaba da wasa da dariya da su, za su raina umarninsa. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Idan kuma ya ɗaure fuska, sai su ce mulki ya canza shi. Ta ko'ina akwai ƙaya.

Steve McClaren ya ɗanɗani wannan. Shi ne ya gaji Kidd a gefen Ferguson a farkon 1999, shekarar da United ta haɗa kofi uku. Ya kuma yi shekaru yana mataimakin Eriksson a tawagar Ingila. A 2006 aka ba shi tawagar. Don ya nuna an shiga sabon zamani, sai ya ajiye Beckham. Bayan watanni, da sakamako ya ƙi daɗi, sai ya dawo da shi. A gaban 'yan jarida kuma yana kiran manyan 'yan wasa da sunayen lelensu, kamar yadda ya saba a filin atisaye. Jaridu suka yi ta sukarsa a kan haka. A watan Nuwamba na 2007, Ingila na buƙatar canjaras kawai da Kuroshiya a Wembley don ta je gasar Turai. Aka doke ta da ci 3 da 2. Washegari aka kore shi.

Sai dai adalci ya sa in ƙara da wannan. McClaren ya ci wa Middlesbrough babban kofinta na farko a 2004. A 2010 kuma ya ɗauki kofin gasar Holan da Twente, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba. Ku lura da wuraren da ya yi nasara. Wurare ne da ya shiga a matsayin maigida tun ranar farko, bai taɓa zama yaron wani a cikinsu ba. Inda aka san shi da riƙe wa wani jaka, a nan abin ya yi masa wuya.

Mu je ga dalili na uku. Mai horarwa ƙasa yake kallo, wato fili da 'yan wasa. Manaja dole ya riƙa kallon sama, wato masu ƙungiya.

A nan misalinmu Carlos Queiroz ne, mutumin Fotugal. Tsofaffin masu bin ƙwallon Najeriya ba za su manta da shi ba. Shi ne ya jagoranci matasan Fotugal da suka doke Flying Eagles da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya na matasa, a Saudiyya, a 1989. Ya sake cin kofin a 1991 da su Figo da Rui Costa. Ilimin dabarun wasa kam, ba a magana. Ya yi shekara guda yana mataimakin Ferguson, sai Real Madrid ta ɗauke shi a 2003. Amma ya tarar da gidan da shugaban ƙungiya, Florentino Pérez, ke yanke shawarar saye da sayarwa. Aka sayo Beckham. Aka sayar da Makélélé ga Chelsea, mutumin da ke share wa taurarin gaba hanya, yana tare ɓarakar tsakiya. Ƙungiya ta cika da masu kai hari, baya kuma a buɗe. An fara kakar lafiya. Da gajiya ta zo, sai komai ya rushe. Zaragoza ta ƙwace kofin Sarki a wasan ƙarshe. Monaco ta fitar da su daga gasar Zakarun Turai. Suka sha kashi a wasanni biyar na ƙarshe na gasar Sifaniya a jere, suka ƙare a matsayi na huɗu. Aka sallami Queiroz. Ya koma gefen Ferguson, kuma tare suka ɗauki kofin Zakarun Turai a 2008.

Shin Queiroz ya manta ƙwallo ne a Madrid, ya tuno ta a Manchester? A'a. A Manchester akwai wanda ke tsaye tsakaninsa da masu kuɗi. A Madrid shi kaɗai ne, kuma ba shi da nauyin da zai ce wa shugaba kada a sayar da wane, a saurare shi. Wannan faɗa na ofis, ba a koyar da shi a kwas ɗin horarwa.

Ku ɗauki misali da Kantin Kwari. Akwai yaron shago da ya fi maigidansa sanin atamfa da shadda. Da hannu kawai zai gaya maka ingancin yadi. Masu saye shi suke nema. Ranar da aka buɗe masa nasa shagon, sai ya tarar da kuɗin haya, da bashin 'yan sari, da ɗan'uwan da ya zo neman kaya bashi wanda dole a ce masa a'a. Sanin yadi bai ragu ba. Aikin ne ya canza.

Akwai kuma wani dalili da zan wuce shi da sauri, ko da yake yana da nauyi. Wace irin ƙungiya ce ke kiran mataimaki ta ba shi ragama? Yawanci wadda ruwa ya kusa cinyewa ce. René Meulensteen, wanda ya koyar da Cristiano Ronaldo dabarun sarrafa ƙwallo a United, ya karɓi Fulham tana ƙasan teburi a ƙarshen 2013. Bai cika wata uku ba aka kawo wani. Paul Clement ya bi Ancelotti Chelsea da Paris da Madrid da Munich. Ya karɓi Swansea tana can ƙarshe a farkon 2017, ya tsamo ta, amma kafin shekarar ta fita an kore shi. Pep Lijnders, na hannun daman Klopp a Liverpool, ya gwada sau biyu, a Holan da Austiriya, kowanne 'yan watanni ya yi. Mutanen nan sun saba aiki da zaratan 'yan wasa, waɗanda in ka faɗa sau ɗaya sun ɗauka. Sai ga wasunsu da 'yan wasan da tsoron faɗuwa ya cika musu ciki, ga mai ƙungiya yana duba agogo. Mai koyarwa lokaci yake buƙata. Lokaci kuwa shi ne abin da ba a ba sabon manaja.

Mu ma a gida mun ga irin haka. Finidi George ya ci gasar Najeriya da Enyimba a 2023. Yana cikin mataimakan José Peseiro lokacin da Super Eagles ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a farkon 2024. A ƙarshen watan Afrilu aka ba shi tawagar. Ya yi kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo. Jamhuriyar Benin ta doke shi a Abidjan. Nan take hukumar ƙwallon ƙafa ta ce za ta ɗauko ɗan ƙasar waje ta ɗora a kansa. Ga kuma Osimhen ya fito a kafar sada zumunta yana caccakarsa kan wasu kalamai da aka danganta masa. A watan Yuni ya ajiye aiki. Wasa biyu na neman gurbin kofin duniya, shi ke nan. Ba za a auna mutum da wasa biyu ba. Abin da ya cinye shi, hukuma ce da taurari da surutun jama'a. Ba ko ɗaya a ciki da ake magancewa a filin atisaye.

To, masu sauraro, na san wani yana can yana cewa: malam, ai akwai mataimakan da suka zama manyan manajoji. Gaskiya ne. Bari mu duba su, domin su ma suna ƙarfafa maganar ne.

Bob Paisley ya yi shekaru a bayan Bill Shankly a Liverpool. Da Shankly ya ajiye aiki a 1974, Paisley bai ma so karɓa ba. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya son fitowa gaban jama'a. Amma cikin shekara tara ya ci gasar Ingila sau shida, ya ci kofin Zakarun Turai sau uku. Sirrinsa? A ƙarƙashin sanyin nan akwai zuciyar yanke hukunci. Idan ƙafar ɗan wasa ta fara nauyi, Paisley zai maye gurbinsa kafin magoya baya su lura. Kuma ya gaji gida mai tsari, da mutanen da suka san aikinsu kewaye da shi.

Mikel Arteta ma haka. Daga gefen Guardiola ya zo Arsenal a ƙarshen 2019. Ya tarar da Mesut Özil, wanda suka buga wasa tare a wannan ƙungiya. Ya cire shi daga jerin 'yan wasa. Ya karɓe kyaftin daga hannun Aubameyang, ya bar shi ya tafi. Za ka iya yarda da shi, za ka iya ƙi. Amma ya nuna ya san kujerar da yake kai. Sannan ƙungiyar ta yi haƙuri da shi duk da ya ƙare a matsayi na takwas sau biyu a jere. Wata ƙungiyar da tuni ta kore shi, da yau muna lissafa shi cikin waɗanda suka gaza.

Akwai kuma Emerse Faé, wanda ya sa mu kuka. Mataimaki ne a tawagar Kwaddibuwa. Aka kori maigidansa ana tsakiyar gasar Afirka, aka miƙa masa. Ya tafi har wasan ƙarshe ya doke Najeriya da ci 2 da 1. A gasa ta 'yan makonni, kusancin nan da muka ce yana zama matsala, shi ne ya zama magani. 'Yan wasa sun karaya, suna buƙatar wanda suka yarda da shi.

Ke nan waɗanda suka tsallake, abu biyu suka samu. Suna da halin ɗaukar nauyi tun asali, sannan gidan da suka shiga ya tsaya musu. Ilimin atisaye shi kaɗai bai taɓa tsallakar da kowa ba.

Yanzu ga ra'ayina, kuma a kansa nake da ƙarfi. Muna zaluntar mutanen nan da bakinmu. Idan mataimaki ya gwada manaja bai dace ba, ya dawo gefen fili, sai mu ce ya gaza. Ta yaya za a ce Brian Kidd ya gaza, mutumin da ya ɗaga kofin Firimiya a ɓangarori biyu na birnin Manchester? Laifin tsarin ne, wanda ya sa kuɗi da suna da girma duk suna kan kujera ɗaya. Mutum yana jin in bai hau ta ba, bai cika ba. Sai ya bar abin da Allah ya hore masa, ya tafi neman abin da zai hana shi barci. Ƙungiya ta yi asarar gwanin malami, ba ta kuma samu gwanin shugaba ba.

Wasu ƙungiyoyin Turai sun fara gane haka. Suna naɗa daraktan wasanni ya riƙe saye da sayarwa da maganar kwantiragi, su bar koci da fili. Wannan ya rage nauyi. Amma bai ɗauke babban nauyin ba. Har gobe mutum ɗaya ne zai rubuta sunaye goma sha ɗaya, kuma shi zai fito ya amsa tambaya idan an sha kashi. Babba juji ne, in ji masu iya magana, kuma ba kowane gwani ne aka halitta da haƙurin zama juji ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu na gida, daga na gasar ƙasa har na unguwa, roƙona ɗaya ne. Kafin ku ɗaga mataimaki, ku tambayi kanku ko zai iya ce wa tauraronku a'a. Idan kun ɗaga shi, ku tsaya a bayansa ranar da ya faɗi a'ar. Idan kuma kun ga baiwarsa ta koyarwa ce, ku biya shi da kyau, ku girmama shi a inda yake.

Ku kuma 'yan'uwana masu cika gidajen kallo ranar Asabar, ina so in ji daga gare ku. A cikin mataimakan da kuke gani a benci yanzu, wa kuke ganin zai iya riƙe ƙungiya, kuma me kuka gani a tare da shi? Ku tattauna a majalisa, ku aiko mana da ra'ayinku.